Mu nawa ne a Najeriya? Wata ɗaliba ta ƙure ni a gaban allo

Mai Alli ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da darasin tattalin arziki a wata sakandaren 'yan mata, shekarata goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alli, amma ranar Talatar da ta wuce wata yarinya ta sa na yi tsaye a gaban allo kamar an dasa ni.

Muna kan babin yawan jama'a ne. Na rubuta musu cewa ƙidayar 2006 ta ce mu mutum 140,431,790 ne. Wata ta ɗaga hannu ta ce ita a rediyo ta ji an ce mun haura miliyan 200. Wata ta ce yayanta ya duba a waya ya ga sama da miliyan 230. Na ce musu ai wancan na da ne, wannan kuma na yanzu. Sai wata 'yar siririya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ce, "Malam, to na yanzun wa ya ƙirga? Ni dai ba a taɓa zuwa gidanmu an ƙirga ni ba."

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tuna gaskiyarta ce. Shekarunta goma sha shida. Duk ajin babu wadda aka haifa lokacin da aka yi ƙidayar ƙarshe. Ƙararrawa ce ta cece ni.

Da daddare na zauna da waya don in shirya amsa, sai na ƙara rikicewa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Ita dai wannan hukumar ta dawo ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ina mutanen suka samu aiki, ni ban ji labari ba? Ƙannena biyu da digirinsu suna nan a gida. Hauhawar farashi kuma kashi 34.80 a Disambar 2024, wata guda bayan nan an ce 24.48, alhali albashina ranar da ya saba ƙarewa ita ce dai ranar da ya ƙare. Yaran da ba sa zuwa makaranta, wani wuri miliyan 10.5, wani wuri wajen miliyan 20.

Don Allah masu sani ku taimaka. Wanne zan koyar? Ba na son in tsaya gaban yara in ce musu duk ƙarya ce, don jarrabawa lamba take nema, kuma ni kaina ban yarda duk ƙarya ba ce. Amma ba na son in sa su haddace abin da ba zan iya kare shi ba.

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ka gaishe min da wannan yarinya, Allah ya yi mata albarka.

Ni na yi aikin ƙidayar 2006 da hannuna, lokacin ina koyarwa a firamare, don mu malamai aka fi ɗiba. A watan Maris aka yi, cikin zafin nan na bazara. An ce kwana biyar, ba a gama ba aka ƙara kwana biyu. Ƙa'idar ita ce sai wanda ka gani da idonka za ka rubuta, a kuma shafa masa tawada a yatsa don kada a ƙirga shi sau biyu. Ƙa'ida ke nan a takarda. Ka je ƙofar gidan da aka rubuta "ba shiga", abokiyar aikinka mace ba ta zo ba ranar, mai gida ya fito ya shimfiɗa maka tabarma a zaure ya ce matansa uku, 'ya'ya kaza. Za ka ce masa sai ya fito da su ka gani? Wani ka san ya ƙara, don an gaya masa yawanmu shi ne rabonmu. Wani kuma ka san ya rage. Akwai tsohon da ya ce min shi ba ya ƙirga 'ya'yansa, kyautar Allah ba a yi mata lissafi. Na fahimce shi sarai, don ni ma na taso na tarar mahaifina yana ɓata rai duk lokacin da aka ce ga masu rubuta sunaye. A wurinsu rubuta suna haraji ne, ƙirga shanu kuma jangali. Sai a 1979 Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin nan, amma tsoron bai bar zukatan tsofaffi ba.

Ga kuma masu tafiya. Kafin ranar ƙidaya tashoshin mota sun cika, kowa zai koma garinsu a ƙirga shi a can. Mutumin da yake zaune a birni shekara ashirin, yana shan ruwan birni, 'ya'yansa na makarantar birni, sai a rubuta shi a ƙauye.

Rigimar ba yau ta fara ba. Turawa sun yi tasu a 1952 zuwa 1953, aka samu mutum miliyan 30 da 'yan kai. Ta 1962 rigima ta cinye ta, aka sake a 1963 aka ce miliyan 55.6, ita ma har kotu aka je. Ta 1973 a zamanin Gowon aka ce kusan miliyan 80, Murtala yana hawa a 1975 ya soke ta. Ta 1991 a zamanin Babangida ta ba da miliyan 88.9, ƙasa sosai da abin da mutane suke zato. Sai tamu ta 2006, wadda ta ba Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ce ba ta yarda ba, nata lissafin ya haura miliyan 17. Mu kuma a nan ana cewa ai Kanon ma an yanke mata Jigawa tun 1991, ga Jigawar da sama da miliyan 4.3. Har yau in ka tayar da zancen nan a majalisar dattawa ta bakin titi sai an kira sallah ba a gama ba. Ka lura kuma, ba mu tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa ba a 2006, ba a sa su a fom ɗin ba. Don haka duk wanda ya ce maka ƙidayar ta nuna Hausawa kaza ne ko Musulmi kaza ne, ba daga fom ɗinmu ya samo ba.

Ruwa ba ya tsami banza, Malam. Kuɗin da ake raba wa jihohi daga asusun tarayya, kashi 30 cikin ɗari na rabon da ake yi tsakaninsu bisa yawan jama'a ake yin sa. Kujeru 360 na majalisar wakilai ma da yawan jama'a ake yanka su. Abin da kuɗi da kujera suka rataya a kansa, ta yaya za a ƙirga shi cikin kwanciyar hankali? An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, Buhari ya ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Ga mu nan zaune.

Ɗan Lissafi ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Malam, aikina tattara bayanai ne daga gida zuwa gida, bari in sa baki.

Abin da ya ruɗa ka shi ne duk lambobin nan kama ɗaya suke yi a takarda, alhali ba hanya ɗaya aka bi aka same su ba. Miliyan 140 ƙirge ne, da duk aibinsa da Baba ya faɗa. Miliyan 200 da wani abu kuwa ƙiyasi ne, babu wanda ya ƙirga kowa. Ana ɗaukar adadin 2006 a ce a kowace shekara muna ƙaruwa da kashi kaza, a yi ta ninkawa. Ga aikin da za ka ba ɗalibanka su gani da idonsu. Su ɗauki miliyan 140.4 su ƙara kashi 3.2 duk shekara, wanda shi ne saurin ƙaruwar da aka fitar daga ƙidayar 2006, har shekara 19. Za su samu wajen miliyan 255. Su sake da kashi 2.5, za su samu wajen miliyan 224. Tazarar miliyan 31 ke nan, daidai da yawan mutanen Ghana kaf a ƙidayarsu ta 2021, wato miliyan 30.8. Ɗan bambancin da bai kai kashi ɗaya ba ya haifi ƙasa guda ko ya haɗiye ta. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya take ba da shawarar a riƙa ƙidaya duk shekara goma, kafin ƙiyasin ya yi nisa da gida.

Sauran alƙaluman, irin su rashin aiki da talauci da mutuwar yara, yawanci daga bincike ne a kan zaɓaɓɓun gidaje. Kamar mai sayen hatsi ne, ba ya zazzage buhu, soka shi yake yi a wurare uku ko huɗu ya duba abin da ya fito. Hanyar tana aiki sosai in an soki wuraren da suka dace. Matsalar ita ce taswirar da ake zaɓen gidajen daga cikinta. Babban binciken lafiya na 2018 ma da rabon unguwannin ƙidayar 2006 ya yi amfani. Ka duba bayan garinku, unguwanni nawa ne yau da a 2006 gonaki ne?

Zancen rashin aiki kuwa, babu wanda ya samu aiki, ma'anar kalmar aka canza. A tsohon tsari, in ba ka yi aikin awa 20 a mako ba, kai marar aiki ne. A sabon tsarin da aka bayyana a 2023, wanda ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, in ka yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce don samun kuɗi, kai mai aiki ne. Ƙanenka in ya tsare wa abokinsa shagon caji ranar Asabar aka ba shi na kati, ya fita daga sahun marasa aiki. Ni a ganina kashi 4.1 ɗin ba ƙarya ba ce, amsa ce ga tambayar da ba ita ke damunmu ba. A ƙasar da ba a biyan marar aiki ko sisi, wa zai zauna mako guda bai taɓa komai ba? Yunwa ba za ta bar shi ba. Lambar da ta fi faɗin gaskiyarmu tana cikin wannan rahoton dai, sai dai jaridu ba su ɗauke ta ba: sama da kashi 90 na masu aikin, aikin buga-buga suke yi, babu albashi tsayayye, babu fansho. Kada ka jera 33.3 da 4.1 a layi ɗaya ka ce an samu sauƙi, mudu biyu ne daban.

Farashi ma haka. A farkon 2025 an sabunta kwandon kayan da ake bin farashinsu, aka mayar da shekarar ma'auni daga 2009 zuwa 2024, aka rage nauyin abinci daga sama da rabi zuwa wajen kashi 40. Kuma ko ba a canza komai ba, saukar wannan lamba ba ta nufin kaya sun yi araha. Tana nufin suna ci gaba da tashi, saurin ne ya ragu. An taɓa yin irin wannan a Afrilun 2014 da ma'aunin arzikin ƙasa, GDP. Aka daina auna shi da shekarar 1990, lokacin da babu wayar salula kuma harkar finafinai ba ta kai ta kawo ba, aka koma 2010. Dare ɗaya arzikin ya tashi zuwa wajen dala biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda aljihunsa ya ƙaru da kwabo, amma sabon adadin ya fi tsohon kusa da gaskiya.

Mai Shago ya rubuta:

Ku dai kuna da lokaci. Ni alƙalumana suna cikin littafin bashi. In na ga masu cewa "rubuta min" sun ƙaru, na san halin da ƙasa take ciki, ba sai wani ya zo daga Abuja da kwamfuta ba. Su da kansu sun ce talakawa miliyan 83, suka dawo suka ce miliyan 133. Wanne ne?

Ɗan Lissafi ya rubuta:

Alhaji, littafinka ma ƙididdiga ce, sai dai ta layinku kaɗai. Miliyan 83 ɗin na 2019 ne, kashi 40 cikin ɗari, kuma kuɗi kawai aka duba: wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba. Ba a ma sa Borno a ciki ba saboda rashin tsaro. Miliyan 133 kuwa na Nuwamban 2022 ne, kashi 63, kuma an duba ruwan sha da makewayi da makaranta da nisan asibiti da abin da ake girki da shi. Mutum zai iya samun na cefane amma 'ya'yansa ba sa makaranta, rijiyarsu kuma a buɗe. Abin da ya kamata ya hana mu barci a wannan rahoton shi ne kashi 65 na waɗannan mutane, wato miliyan 86, a Arewa suke. Sakkwato kashi 91, Ondo kashi 27. Ko an yi kuskuren miliyan goma a jimilla, wannan tazarar ba za ta goge ba.

Malam, na manta da yaran makaranta. Miliyan 10.5 da UNICEF, hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta daɗe tana ambata 'yan shekara 5 zuwa 14 ne, miliyan 20 na UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar, a 2022 kuma ya haɗa har 'yan sakandare, zuwa shekara 18. Almajirin tsangaya da ba ya zuwa boko yana cikin lissafin ko da ya sauke Alƙur'ani.

Anti Nas ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibiti, bari in faɗa muku yadda rashin ƙidayar nan yake shigowa har ɗakin rigakafi. Duk shekara ana turo mana adadin jariran da ake sa ran za mu yi wa allura. Ba ƙirga su aka yi ba. Ana ɗaukar ƙiyasin mutanen mazaɓar ne a ce kashi 4 cikin ɗari 'yan ƙasa da shekara ɗaya ne, kashi 5 masu juna biyu. Unguwarmu ta cika da baƙi, musamman waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, sai ka ga a takarda mun yi wa sama da kashi ɗari allura, ana yaba mana, alhali na san layukan da ba mu taɓa shiga ba. Wata abokiyar aikina kuma a ƙauyen da mutane suka watse, kullum ana yi mata faɗa wai ba ta cika adadi ba. Yaran da ake nema a wurinta suna wurina.

Ƙasashen da ba sa wahalar ƙiyasi, rajistar haihuwa da mutuwa ce take riƙe su. Mu binciken 2018 ya nuna kashi 39 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, kuma kashi 43 na 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista. Mutuwa kuwa ba a magana. An rasu da asuba, kafin azahar an kai makwanci, wa zai je neman takarda? Jaririn da bai kai suna ba, cewa ake yi ya koma, kuma in ka tambayi uwar haihuwarta nawa, sau da yawa ba za ta sa shi a ciki ba sai ka bi ta a hankali. Wata ma ɗan farinta da yake raye ba za ta ambata ba saboda kunya. Ka ga aikin ba na mai gaggawa ba ne.

Shi ya sa mutuwar mata wajen haihuwa take da lamba biyu. Binciken 2018 ya ce 512 cikin kowace haihuwa 100,000, kuma ta hanyar tambayar mata labarin 'yan'uwansu mata aka samo shi: su nawa ne, wa ta rasu, tana da ciki ko ta haihu? Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta 1,047 a 2020. Ni da nake karɓar haihuwa, ko ƙaramar lambar ce gaskiya ta ishe mu kuka. Haka yara 132 cikin 1,000 da binciken 2018 ya ce ba sa kai shekara biyar, kusan ɗaya cikin takwas ke nan.

Malam, tambayi ɗalibanka su nawa ne suke da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ba takardar rantsuwar kotu ba.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Mushe, gaisuwa daga Nijar. Mu mun yi tamu a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, ta ƙarshen ta ba da miliyan 17.1, Damagaram da Maraɗi ne kan gaba. Ba mu cika rigima a kan sakamako kamar ku ba, amma mu ma shekara goman ta cika ba a sake ba. A lakwal ana koya wa yara cewa mace ɗaya tana haihuwar 7.6 a matsakaici, lambar 2012 ce. Tambayata ita ce, kawuna da yake noma a wajen Ɗan Isa da damina, ya yi rani a Katsina, da iyali nan da can, na wa ne? Ina jin ko dai an ƙirga shi sau biyu ko ba a ƙirga shi ko sau ɗaya ba.

Mai Alli ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na isar da gaisuwarka, ta rufe fuska da hijabi don kunya.

Jiya na koma ajin. Na raba allo biyu, gefe ɗaya na rubuta "an ƙirga", ɗaya gefen "an ƙiyasta", na ce duk lambar da za mu rubuta daga yau sai mun sa mata shekara da sunan wanda ya fitar da ita. A jarrabawa su rubuta 140,431,790 in an tambayi ƙidayar 2006, in kuma an tambayi na yanzu su ce ƙiyasi ya haura miliyan 200. Mun yi lissafin Ɗan Lissafi da kalkuletar waya, ya ci mana darasin gaba ɗaya, da Ghana ta fito daga cikin tazarar sai ajin ya kaure da surutu. Zancen awa ɗaya kuwa dariya suka yi ta yi, wata ta ce ashe ita ma ma'aikaciya ce tunda tana taya mamarta ƙulla zoɓo.

Na yi tambayar Anti Nas. Cikin yara 58 da suka zo, 21 ne suka ɗaga hannu, wasu kuma ba su san ko suna da ita ba, sun ce sai sun tambayo a gida. Ni kaina da na koma na bincika jakar takarduna, ta autata ba ta ciki, katin asibiti kawai na gani, kuma watanta goma sha huɗu. Anti, in yaro ya wuce shekara ɗaya, a asibitin ake yi ko sai na je ofishin hukumar a sakatariyar ƙaramar hukuma?

'Yar layin bayan kuma ba ta ƙyale ni ba. Muna fita ta biyo ni ta ce, "Malam, in an zo ƙidayar ina makarantar kwana, a nan za a rubuta ni ko a gidanmu?" Na ce mata bisa abin da Baba ya faɗa, inda aka gan ta. Baba, haka ne ko? Ku a 2006 yaya kuka yi da 'yan makarantun kwana da almajiran tsangaya?